Mama Gwakisa, Mai Raka Korarru Gida

Kullum da safe, kafin masu shara su gama da barandar ofishin jarrabawa, Mama Gwakisa ta iso. Daga saman bene mukan hango baƙar laimarta tana hawowa tudun kwalejin a hankali, cikin yayyafin nan namu na Tukuyu da ba ya jin gajiya. In ta zo bakin ƙofa sai ta kakkaɓe laimar, ta cire takalmin robar da ya sha taɓo ta sa na ofis, ta buɗe taga, ta ajiye fulas ɗin shayinta a kan kabad. Daga nan sai ta jawo kujerar baƙi ta matso da ita gefen tata. Mai shara kullum sai ta mayar da kujerar nan gaban tebur, ita kuma kullum sai ta dawo da ita. Ta ce ba ta son tebur ya shiga tsakaninta da wanda za ta yi wa magana.

Sunanta na takarda Tusajigwe Mwandemele, amma mu malamai da sunan ɗanta na fari muke kiranta. Ɗalibai kuwa suna da nasu sunan da ba sa faɗa a gabanta: Mama Disko. A bakinsu in an ce wane ya yi disko, ba rawa ya taka ba, korarsa aka yi daga karatu.

Shekara talatin da 'yan kai ta yi tana sakatariyar ofishin jarrabawa a kwalejinmu ta horar da mataimakan likita. Watan jiya ta yi ritaya. Ni malamin ilimin magunguna ne, kuma na daɗe ofishina yana kallon nata. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta abin da na gani da idona, da abin da waɗanda suka riga ni zuwa suka gaya min, tunda na lura ba wanda ke da niyyar yi.

Dokar kwalejin ba ta da wuyar ganewa. Ana haɗa makin aikin aji da na ɗakin marasa lafiya da na jarrabawar ƙarshen zango. Hamsin cikin ɗari ne ci. Wanda ya faɗi darasi ɗaya ko biyu, a ba shi jarrabawar gyara. Wanda ya faɗi gyaran ya maimaita shekara, kuma sau ɗaya tak ake maimaitawa. Wanda ya faɗi fiye da rabin darussa, ko ya sake faɗuwa bayan ya maimaita, to ya haɗa akwatinsa.

Mu muke ba da makin. Kwamitin jarrabawa ne ke yanke hukunci. Mukan zauna a dogon tebur tare da shugaban kwaleji, ana karanto lambobin ɗalibai, ba sunayensu ba, muna cewa "ya wuce", "gyara", "a sallame shi", ana zagayawa da shayi da mandazi, wato fanke. Ita tana can bayanmu kusa da ƙofa tana rubutawa. Ba ta da ƙuri'a, ba ta da bakin magana. Amma da mun tashi kowa ya kama hanyar gidansa, hukuncin ya rage a hannunta.

Saboda haka ita ɗalibai suka sani. Ita suke tsoro, ita suke zagi. In ta ratsa ta filin ƙwallo sai ka ga taron samari ya watse kamar an kira su cin abinci. Na sha jin su suna tsokanar juna a ƙofar ɗakin karatu.

"Kai, yi maza, Mama Disko na cigiyarka!"

"Aniyarka ta bi ka! Ni da na ci saba'in?"

"Saba'in a mafarki. Ta ce ka taho da makullin ɗakinka ma."

Sai a kwashe da dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ita kuwa ta san sunan da suka laƙaba mata sarai. Wata rana na tambaye ta ko ba ya damunta. Ta ce, "Mwalimu," haka ake kiran malami a nan, "dole haushin ya sami fuskar da zai sauka a kai. Taku ba sa ganinta."

Da farko ba haka take aiki ba. Lokacin da ta fara, tana budurwa, abin da aka koya mata shi ne ta buga sakamako a na'ura, a sa hannu, ta liƙa a allon sanarwa, ta kulle ofis. Haka ta yi har shekarar Ambokile.

Ambokile ɗalibi ne daga wani ƙauye can ƙasan Kyela, inda ake noman shinkafa. A shekararsa ta farko ya faɗi darussa huɗu cikin bakwai. Ya ga lambarsa a allo cikin cunkoson mutane, ya juya ya tafi. Gida bai faɗa ba. Ya kama ɗaki a bayan kasuwa yana dako, in hutu ya zo ya wanke farar rigarsa ya goge, ya tafi ƙauye ana kiransa dokta, tsofaffi suna kawo masa ƙafafunsu ya duba. Haka ya yi har 'yan ajinsa suka gama.

Ranar bikin yaye ɗalibai danginsa suka zo a motar haya guda, an ɗaure mata ganyen ayaba a gaba. Mata sun yi anko, sun zo da tukunyar shinkafa da kaji da sarƙar furanni da za a rataya masa a wuya. A bakin ƙofar kwaleji ya ce musu su shiga su sami wuri, bari ya je ya karɓo rigar biki. Suka shiga suka zauna. Aka yi ta kiran sunaye, kowane gida yana guɗa, har aka kira na ƙarshe, aka rufe da addu'a.

Mama Gwakisa tana tattara takardu a ofis sai ga wata tsohuwa, mahaifiyar Ambokile, ta shigo da furannin a hannu. Wannan ita da bakinta ta ba ni labari, sau ɗaya, kuma ba ta kalle ni ba tana bayarwa.

Tsohuwar ta ce, "'Yata, an tsallake sunan ɗana. Ina jin takardarsa ce ta manne da ta wani. Ɗan duba min."

Ta duba, ko da yake tun da ta ji sunan ta gane. Ta ce, "Mama, zauna." Tsohuwar ta ƙi zama. Ta ce, "Mama, ɗanki ba ɗalibinmu ba ne yanzu. Tun ƙarshen shekarar farko aka sallame shi."

Tsohuwar ba ta yi kuka ba. Sai ta ce, "To duk tsawon lokacin nan a ina yake kwana? Wa ke ba shi abinci?" Can kuma ta ce, "Ku da kuka kore shi, ba wanda ya tambaye shi inda zai je?"

Ba a sake ganin Ambokile ba. Wasu sun ce sun gan shi a kan iyaka a Tunduma, wasu suka ce a ramukan zinariya na Chunya. Uwar ta riƙa zuwa duk ranar bikin yaye ɗalibai, ta zauna a gindin bishiyar da ke bakin ƙofa tana duba fuskokin masu shiga, wai ko zai zo ganin abokansa. Mama Gwakisa takan kai mata abinci ta zauna tare da ita har a watse. Wata shekara ba ta zo ba, aka ce ta rasu.

Bayan bikin nan ne Mama Gwakisa ta je wurin shugaban kwalejin na lokacin, ta roƙi abu guda: a riƙa ba ta yini ɗaya tsakanin zaman kwamiti da liƙa sakamako. Ya ce me za ta yi da shi? Ta ce tana so duk wanda za a kora ya ji daga bakin mutum kafin ya gani a bango. Ya ce wannan ba ya cikin aikinta. Ta ce ta sani. Ya bar ta, ina jin don dai ta fita masa daga ofis.

Tun daga nan, da kwamiti ya tashi sai ta aika a kira su ɗaya bayan ɗaya. Ba ta zagaye-zagaye. Da yaro ya zauna za ta ce, "Ɗana, labarin ba daɗi. Kwamiti ya sallame ka." Sai ta bar shi. Wani ya yi kuka, wani ya durƙusa ya kama ƙafarta, wani ya zage ta tas. Akwai wanda ya ɗauki fulas ɗinta ya maka da bango, daga ofishina na ji ƙarar. In guguwar ta lafa sai ta yi tambayarta: "Wa za ka fara gaya wa a gida?" Wanda ya ambaci suna nan take, ta san zai iya. Wanda ya sunkuyar da kai ya yi shiru, sai ta ce, "To haɗa kayanka, ranar Asabar tare za mu tafi."

Kuma takan tafi. Ta hau motocin da ko akuya ba ta son hawa. Ta je Makete cikin sanyi, ta je ƙauyukan bakin tafki, ta taɓa kwana biyu a hanyar Sumbawanga saboda gada ta karye. Ba wanda ya aike ta. Mijinta, kafin ya rasu, yakan ce da mu a coci, "In kun ga matata ku gaishe min da ita, ni sai an gama jarrabawa da wata guda nake ganinta."

Ba jira take sai an faɗi ba. Makin aikin aji ta hannunta yake wucewa, don haka tun tsakiyar zango ta san waɗanda ƙafarsu ke rawa. Sai ta bi su har wurin cin abinci. Akwai wani sashe a dokarmu da yawancin ɗalibai ba sa karantawa: wanda ba shi da lafiya, ko aka yi masa rasuwa, yana iya neman a ɗage masa jarrabawa, amma sai ya nema kafin ya shiga ɗakin. Da ya karɓi takardar tambayoyi, shi ke nan, ba a sauraron uzuri. Wannan sashen ta riƙa bin yara da shi kamar mai talla. Da yawa sun tsira ta nan, kuma da yawansu har gobe ba sa gaishe ta, don a ganinsu ita ce ta tsoratar da su.

Wadda ta kuɓuce mata ita ce Tumpale Kibona, kuma wannan a gabana aka yi.

Tumpale yarinya ce daga tsaunukan Ileje, doguwa, ba ta da surutu. A ɗakin marasa lafiya ba ta da na biyu. Tsofaffin da ke ƙin allura ita suke miƙa wa hannu. Amma lissafi ya tsaya mata a wuya. Ta faɗi darasina, ta faɗi gyara, ta maimaita shekara. A jarrabawar da ta rage mata, wadda babu wata bayanta, ta ci arba'in da bakwai. Na sake duba takardar, na ba abokin aikina ya duba, haka ta fito. Tambayar da ta kayar da ita ta auna wa jariri magani ce. Abin da ta rubuta ya ninka na gaskiya sau goma. Da a asibiti ne, da an yi jana'iza. Har yau ban ga inda zan samo mata maki ukun nan ba.

Sai bayan jarrabawar aka san cewa tana da ɗa ɗan shekara biyu da ta ɓoye a wurin wata gwaggonta a gari, don tsoron mahaifinta. A makon jarrabawa yaron yana kwance a asibitin gunduma da ciwon haƙarƙari. Daga gefen gadonsa ta taho ta shiga ɗakin jarrabawa.

A zaman kwamiti, da aka karanto lambarta aka ce a sallame ta, sai muka ji motsin kujera a bayanmu. Mama Gwakisa ce ta miƙe. Ban taɓa ganin ta yi haka ba, kafin nan ko bayan nan.

Ta ce, "Shugaba, a gafarce ni. Ba makin nake ja ba. Yarinyar nan a asibiti take da ɗanta, ga shaidar likita. A ɗauka kamar ba ta zauna jarrabawar ba, a bar ta ta sake."

Shugaban mutum ne mai kirki, amma ya ce, "Mama, ke kika fi kowa sanin dokar. Kafin jarrabawa ake nema."

"Ta yaya za ta nema, alhali neman yana nufin ta tona asirin yaron?"

Wani malami ya ce in aka buɗe wannan ƙofar, zango mai zuwa kowane ɗalibi zai zo da jariri a goye. Aka ɗan yi dariya. Ni da wasu biyu muka goyi bayan a bar ta ta sake. Aka ɗaga hannu, aka rinjaye mu. Mama Gwakisa ta koma ta zauna, ta rubuta hukuncin da hannunta.

Ranar Juma'a ta leƙo ofishina. Ta ce, "Mwalimu, gwiwata ba za ta iya motar Ileje ba bana. Kana da mota. Kuma uban yarinyar zai yi tambayar da ni ban san amsarta ba."

Washegari da asubahi muka kama hanya. Tumpale tana baya da yaron a cinya, ya rame, yana tari kaɗan-kaɗan. Mama Gwakisa ce ta dage sai an tafi da shi. Ta ce, "'Yata, in za a faɗa, a faɗi duka rana ɗaya. Kada ki sauke kaya guda ki koma da guda." Da muka fara hawan tsaunuka Tumpale ta ce in tsaya, ta fita ta yi amai a bakin hanya.

Mun sami mahaifinta, Mzee Kibona, yana shanyar gahawa a tsakar gida. Dattijo ne gajere mai faɗin kafaɗa. Da ya ga mota, ya ga 'yarsa, sai fuskarsa ta washe, ya ƙwala wa matarsa kira a kama kaza, malaman dokta sun zo. Tumpale ta durƙusa ta ce, "Shikamoo, Baba." Ya buɗe baki zai amsa gaisuwar sai idonsa ya sauka kan yaron.

Mama Gwakisa ta riga shi magana. Ta ce, "Baba, bar kazar nan ta sha iska. Ba da labari mai daɗi muka zo ba. Abu biyu ne. Kwaleji ta sallami Tumpale. Wannan kuma jikanka ne."

Dattijon ya zauna a kan turmi. Matarsa ta tsaya a ƙofar kicin da wuƙa a hannu. Cikin abubuwan biyu, dattijon ya fara da wanda ya fi sauƙi.

"Nawa ta ci?"

Na ce arba'in da bakwai.

"Nawa ake so?"

"Hamsin."

Ya ɗaga yatsu uku yana kallonsu. "Uku? A kan uku? Mwalimu, ko mai sayen gahawa, da duk rashin imaninsa, in buhu ya gaza da ɗan wannan yakan kau da kai." Ya nuna shanyar da hannu. "Ga shi nan, kwashi rabi. Ba wanda zai ji."

Na yi masa bayanin tambayar jaririn da maganin. Ya saurara har ƙarshe. Bai ce na yi ƙarya ba. Sai ya juya kan Mama Gwakisa, don ita ce ta faɗi maganar.

"Ke kuma wace ce? Ke kika kore ta?"

"Ni na rubuta takardar, Baba."

"Kika kuma biyo ta har gidana ki ga yadda zan yi? Duk ƙauyen nan sun san 'yata dokta ce. Ɗakin shan maganin da ake ginawa can, ita ake jira. Gobe Lahadi da wane ido zan shiga coci?"

Ta ce, "Da idon da zan shiga da shi, don ni ma a nan zan kwana in ka ba ni tabarma. Na zo ne saboda na taɓa ganin uwar da ta mutu tana neman ɗanta. 'Yarka ga ta nan a gabanka. Yi mata faɗa, ka yi fushi iya son ranka, amma kada ka ce ta bar gidan nan."

Ya tashi ya shige gonar ayaba, bai dawo ba sai da rana ta yi sanyi. Matarsa ce ta ajiye wuƙar, ta zo ta karɓi yaron, ta taɓa goshinsa, ta ce wa 'yarta, "Wawiya, yaro yana tari haka kin bar shi ba hula?" Daga nan ta fashe da kuka.

Washegari Mama Gwakisa ta bi su coci, ta zauna kusa da Tumpale a bencin mata, kowa yana kallo. Da muka tashi tafiya dattijon bai raka mu ba, bai yi godiya ba. Ya fi rabin shekara bai yi wa 'yarsa magana ba. Tumpale ba ta koma karatu ba. Yanzu tana shara da wankin kaya a ɗakin shan maganin ƙauyensu, wanda aka turo wani daga wani gari ya riƙe. An ce in za a yi wa tsofaffi allura ita ake kira ta riƙe musu hannu. Ba haka ta so rayuwarta ba. Amma tana gidan ubanta, yaron ya shiga makaranta, kuma kakan ne ke kai shi.

A hanyar dawowa na ce da Mama Gwakisa ko tana ganin dokar zalunci ce. Ta ce, "A'a. Ni ma in na kwanta ciwo ba na son wanda bai iya auna magani ba ya taɓa ni. Abin da ke damuna, muna yanke wa yaro hanya sannan mu juya baya tun bai faɗi ƙasa ba."

Mama Gwakisa, ke ce kika ɗauki nauyin hukuncin da ba ke kika yanke ba. Ke ce mai shiga gidan da ba a yi murna da zuwanki ba, ki ci abincin da aka ajiye miki ba da son rai ba, wani lokaci ma ba a ajiye ba. Mu an kira mu iyayen biki, an ɗauki hoto da mu, waɗanda suka ci suna aiko mana da gaisuwa daga manyan asibitoci. Ke rabonki waɗanda suka faɗi, kuma wanda ya faɗi ba ya son tuna fuskar da ya gani ranar. Ba ki taɓa ƙara wa kowa maki ɗaya ba, ko da aka yi miki kuka, ko da aka yi miki barazana, ko da ɗan limamin cocinmu ne. Ba ki kuma taɓa barin kowa ya fita ƙofar nan ba tare da kin san inda ya nufa ba.

Abu ɗaya ta nema shekara da shekaru ba ta samu ba. Ta so a sa zangon gargaɗi a doka: ɗalibin da makinsa ya fara zamewa a kira shi a hukumance, a haɗa shi da malami, a sanar da wani nasa, kafin a kai ga kora. Mun rubuta mata shawarar, kwamiti ya amince, aka tura sama, aka ce ana dubawa. Shugabanni sun zo sun tafi ana dubawa.

Yinin nan guda da aka ba ta ma ya tafi. Yanzu da kwamiti ya sa hannu, sakamako yake faɗawa wayar kowane ɗalibi lokaci ɗaya, ko yana ɗaki, ko yana cikin mota, ko yana shi kaɗai a bakin kogi. A zangonta na ƙarshe na gan ta tana fita daga zaman da sauri tana ɗingishi, waya a kunne, tana ƙoƙarin riga na'ura. Cikin ukun da aka sallama, biyu ta samu. Na ukun ya kashe wayarsa, sai da ta yi kwanaki tana bin abokansa kafin ta gano shi. An kuma sanar da mu ba za a ɗauki wani a gurbinta ba, tunda na'ura tana haɗa maki.

Walimar bankwananta a ƙaramin ɗakin taro aka yi. An jera kujeru da yawa, yawancinsu ba a zauna a kai ba. Ɗalibai ba su zo ba, na ji ma wasu sun yi shewa a ɗakin kwana. Shugaba ya yaba mata da zuwa aiki a kan lokaci, aka ba ta zane da agogon bango. Ana shirin tashi sai wani mutum mai furfura a gemu ya shigo da kan ayaba guda a kafaɗa. Lusajo ne, mai sayar da kayan gyaran babur a tasha, wanda aka kora tun kafin in zo kwalejin. Ya dire ayabar a gabanta, ya ce, "Mama, wallahi har yau in na hango ki a kasuwa sai na canza hanya." Aka yi dariya. Ya ce, "Ranar nan na riga na san abin da zan yi wa kaina in na fita daga ofishinki. Kika ƙi barina in fita ni kaɗai. 'Ya'yana huɗu yanzu." Ya juya ya fita, bai ko tsaya shan lemo ba.

Shekaranjiya na je gaishe ta a gida. Na same ta a bayan ɗaki tana tsinke busassun ganyen ayaba da lauje, gwiwar a ɗaure. Ba ta bari na gama gaisuwa ba ta ce, "Yaushe kwamiti?" Na ce gobe da rana. Ta ce, "Su wa ke bakin kora?" Na lissafa mata. Da na ambaci wani yaro ɗan Sumbawanga sai ta ajiye laujen. Ta ce, "Wannan ba zai faɗa a gida ba. Ubansa soja ne, kuma shi ne ɗan fari. In abu ya dame shi daina cin abinci yake, ka tambayi masu kicin." Ta dube ni sama da ƙasa. "To kai me kake yi a nan?"

Mun gode, Mama. Allah ya saka miki, ya sassauta miki ciwon gwiwar nan, ya ba ki hutun da kika hana kanki.

Ku kuma 'yan'uwana malamai, a nan da sauran kwalejoji, ba cewa nake a sassauta maki ba. Wanda bai iya ba, bai iya ba, kuma marasa lafiya suna da haƙƙi a kanmu. Amma wanda ya iya jan layi da jan biro a ƙarƙashin sunan yaro, ya kamata ya iya zama kusa da shi ya faɗa masa da baki, ya kuma tambaye shi wa zai fara gaya wa a gida. Ita kaɗai ta yi mana wannan tsawon shekaru. Yanzu ba ta nan, mu kuwa muna da yawa.

Kwamiti ya zauna jiya. An sallami yaron nan na Sumbawanga. Na roƙi shugaba ya riƙe sa hannunsa zuwa azahar ta yau, ya yarda, ya ce wannan karon kawai. Da na ajiye alƙalamin nan ɗakinsa zan nufa, kuma har yanzu ban san da wace kalma zan fara ba.